Ƙashin Ya Haɗe, Tsoron Bai Tafi Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na bar ƙwallo ne, ku yi haƙuri, gajiya ce ta hana ni amsawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, gola ne ni, ɗan Tudun Wada. Da tsaron raga nake ciyar da gidanmu.

A wani wasa bara, ɗan gaban abokan karawarmu ya tsinke da ƙwallo, na fito na faɗa ƙafarsa kamar yadda na saba. Gwiwarsa ta same ni a haɓa. Na ƙarasa wasan ina tofar da jini. Sai da na zo cin tuwo na ga haƙorana na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa.

Washegari fuska ta kumbura. Yayana Sale ya sa ni a mota sai asibiti a Kano.

Layin kati, layin hoto, layin ganin likita. Likitan ya ɗaga hoton ya ce, "Muƙamuƙi ya karye. Za mu ɗaure bakin da waya."

Makonni ba tauna, ba magana sai gurnani. Inna takan tace kunun gyaɗa in zuƙa da bututun roba. Na rame har wando ba ya zama a ƙuguna. Kuɗin aiki da magani sai da Yaya Sale ya sayar da masarar da ya ajiye.

Ranar da aka cire wayar na ɗauka an gama.

Na koma atisaye. Ƙwallon sama ina kamawa lafiya lau. Amma da zarar ɗan gaba ya taho a guje, sai ƙafafuna su kafe a kan layi, in kawar da fuska. Ba da niyya ba, jikin ne ke yi. 'Yan bayana da na saba yi wa tsawa suka koma waiwayowa suna duba ko ina nan.

Koci ya ja ni gefe ya ce, "Habu, hannunka na nan, kai ne ka daina yarda da shi. Je ka gida ka huta."

Na dawo gida. Na daina zuwa gidan kallo, na daina zama majalisa. Kowa sai ya ce min, "Ai ka warke." In ce alhamdu lillahi, in wuce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama da ni. Bala ne, ɗan Doguwa, wanda gwiwarsa ta karya ni. Muka gaisa, ya zauna kan tabarma ya kasa haɗa ido da ni.

Can ya ce, "Abokina, tun ranar ban sake jefa ƙwallo a raga ba. In na ga gola ya fito sai in janye ƙafa. Ƙarar ƙashin nan nake ji."

Na ce, "Ashe mu biyu ne a kwance."

Muka soma haɗuwa a filin firamare. Ya taho da ƙwallo yana tafiya, in kwanta in ɗauke. Daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa gudu. Wata rana ni ke kawar da kai, wata rana shi ke tsallake ni tun bai iso ba. Akwai ranakun da zama kawai muka yi, ba wanda ya taɓa ƙwallon.

Da na koma a duba ni na gaya wa likita tsoron da nake ji. Ya ce, "Tsoron ma cikin ciwon yake." Ya haɗa ni da mai ba da shawara kan damuwa.

Makon jiya na tsaya a raga a wasana na farko tun bayan karayar. An ci ni biyu. Ana dab da tashi ɗan gaba ya tsinke, na fito na faɗa ƙafarsa, sai ga ƙwallo a ƙirjina. Na daɗe a kwance rungume da ita, har alƙalin wasa ya zo yana tambaya ko na ji ciwo.

Ban koma yadda nake a da ba, kuma na gaji ƙwarai. Amma na gode wa Allah. Inna, Yaya Sale, Bala, Allah ya saka muku da alheri.

'Yan uwana 'yan wasa, in an buge ku a kai ko a fuska, ku fita daga fili ku tafi asibiti a ranar. In kuma kun warke amma gabanku na faɗuwa, ku faɗa wa wani, kada ku ɓoye.

Gobe da safe akwai atisaye. In Allah ya yarda zan je.