Yadda Tashar Garinmu Ta Koma Lamba 347

Duk wanda ya girma a garinmu, nan bakin kogin Olt, ya san Nea Stelian Moraru, wato Kawu Stelian a bakinmu, da tsani a kafaɗa. Shekara ashirin da shida yana ja wa mutane wayar talabijin daga turke zuwa gida. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Ba ya magana in yana aiki, amma in aka zuba masa kofi sai an gaji da hirarsa.

Lokacin da kamfanin talabijin ɗin da yake wa aiki yake hannun wani ɗan gari, Stelian ne ke jera tashoshi da kansa, a wani ɗaki cike da na'urori bayan gidan waya. Tashar ƙasa ya ba ta lamba ɗaya, ta ƙwallo uku. Tashar garinmu kuwa ya ajiye ta a biyar, wai biyar ce a tsakiyar rimot, ko tsohuwar da ta ɓatar da tabarau za ta lalubo ta.

Tashar ba wata babba ba ce: ɗaki biyu a saman gidan burodi, sai Aurica Dobrin mai karanta labarai. Da tsakar rana takan faɗi wanda ya rasu da ranar binne shi, da unguwar da za a ɗauke wa ruwa, da wanda akuyarsa ta ɓata.

Sai wani babban kamfani daga Bukarest, babban birnin ƙasa, ya saye namu. Suka bar Stelian a bakin aiki, amma jerin lambobi ya koma hannunsu. Wata Litinin aka wayi gari biyar ta zama tashar finafinai, tamu an cilla ta 347. A makon ne tsohon malamin lissafi, Anghel Buzatu, ya rasu. Ɗalibansa na ƙauyukan ƙetaren kogi ba su ji ba sai bayan an binne shi.

Aurica ta tare Stelian a kasuwa, gaban masu sayar da kabeji.

"Nea Stelian, ina ka kai ni? Ka cusa ni tsakanin masu tallar tukunya da masu duba."

"Ba ni ba ne, 'yar nan. Daga sama jerin ya zo."

"To ka gaya wa na saman ko uwata ta daina ganina. Jiya ta kira tana tambaya ko korata aka yi."

Masu kabeji suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba, don Anghel ya koyar da shi ma.

Ya yi ta kiran hedikwata har aka haɗa shi da wata Madam Ilinca, mai kula da jerin. Ba ta yi masa wulaƙanci ba. Ta ce jeri ɗaya ne ga ƙasa duka: manyan tashoshi a gaba, sai na wasanni da na yara, kowane rukuni da gurbinsa, ƙananan tashoshin garuruwa kuma an tara su bayan ɗari uku.

"Malam Moraru, gari arba'in ne ke son biyar ɗin nan. Wa zan ba?"

"Madam, ai mutumin garinmu ba ya kallon tashar wani gari. Ku ware lamba guda a gaba, kowane yanki ya ga tasa a ciki."

Ta ce ya rubuto.

Ya rubuta shafi biyu da hannu, matarsa Floarea ta gyara masa kurakurai. Kafin amsa ta zo, sai ya shiga bin gidajen tsofaffi bayan an tashi aiki. Yakan saita akwatin talabijin yadda da an kunna 347 za ta fito, ya liƙa takarda a bayan rimot da lambar da manyan baƙaƙe. Wata tsohuwa, Tanti Veta, wato Gwaggo Veta, sau huɗu yana koma mata, don jikokinta na canzawa. Kullum sai ta cika masa aljihu da gyaɗar bishiya tana cewa, "Kai ma ka tsufa, Stelian, ka daina hawa tsani."

Bayan wata bakwai kamfanin ya karɓi shawararsa. Aka ware lamba ta ashirin ga tashar kowane yanki. Sai dai a namu, tashar babban birnin yanki aka ba, don ta fi yawan masu kallo. Tamu ta ci gaba da zama inda take. Madam Ilinca da kanta ta kira ta ba shi haƙuri.

Abin ya yi masa ciwo. Kwana biyu bai leƙa shagon kofi ba. Aurica ce ta je har gida ta same shi yana sassabe a gindin itatuwan lambunsa.

"Tashi ka sa riga mai kyau," in ji ta. "Yau kai ne baƙona a labarai."

"Ni? In ce me?"

"Ka koya musu danna lamba uku a jere. Ni na yi na yi, sun ƙi ji."

Ya je. Ya ɗaga rimot gaban kyamara yana nunawa da yatsa. Minti huɗu kacal ya yi, amma wata guda ana maimaita shirin.

Bara ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi hawa. Wanda ya gaje shi yakan zo neman shawara, Floarea ta ajiye musu miyar wake, su baje taswirar layukan waya a kan teburin kicin suna gardama.