Da Bakina Na Kira Ta Sadaka

Malam Edita, a shekarun da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama ni saurayi ne a Birnin Gwari. Na gama elemantare ban samu wucewa midil ba, sai aka kai ni wurin wani tela a bakin kasuwa ina koyon ɗinki. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai waswasi. Nakan tsaya ina ta sake alwala har a idar da salla ban shiga sahu ba, in kuwa na ɗinka riga sai na farke wuyan na sake, don zuciyata ta ce mini ya karkace. Na faɗi wannan tun farko ne domin masu karatu su gane irin mutumin da aka ɗora wa amanar da zan ba da labari. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake akwai waɗanda sunayensu ke yi mini ɗaci a baki har yau.

A lokacin akwai wani kamfanin Turawa mai haƙar zinariya a bakin daji, kuma makanikin injinsu wani dattijo ne baƙi wuluk kamar mu, amma Turanci ne harshen uwarsa. Mutanen gari suka sa masa Baƙin Bature. Ya gaya mana daga wani tsibiri ya zo can bayan teku, wai shi Jamaika, kuma kakar kakarsa a wannan ƙasa tamu aka kama ta aka zuba a jirgin ruwa. Da gurguwar Hausarsa yakan ce in gaskiya za a bi mu ne kawunansa, amma tun da ya riga mu furfura sai mu haƙura mu riƙa ce masa Kawu. Haka kuwa muka yi ta kiransa. Da hannunsa ya kafa wata rumfa a bayan kasuwa, ya rufa ta da tsofaffin kwanon da kamfani ya zubar. Kullum ya tashi daga aiki sai ya hau kekensa ya zo, samari da yara mu taru. Ya koya mana facin taya da gyaran keke da fitila, ya koya mana ƙwallo, ya yanko gora ya yi mana sarewa, ya haɗa wani akwati mai harsunan ƙarfe wanda ake zama a kansa ana kaɗawa da yatsu. Waƙoƙin ƙasarsu ana bayarwa ne ana amshi, kamar na masu gayya a gona. Ba a biyansa ko anini. Shi ba Musulmi ba ne, amma bai taɓa yi mana zancen addininsa ba, in ma aka kira salla shi ne mai korar mu masallaci, yana cewa mu tafi kada a ce ya sace wa mutane 'ya'ya.

Iyayenmu ba su hana ba, cewa suke ai wasan yara ne. Sukan aiko da kekunansu da fitilunsu a gyara musu kyauta. Amma ban taɓa ganin wanda ya ce masa bismilla ya shigo zaure ba, ƙwaryar da ya sha ruwa da ita kuwa a gefe ake ajiye ta. Yana gani, sai dai ya yi murmushi.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Da yake ni ne babba a cikin samarin rumfa, ni nake zuwa barikin kamfani ina duba shi. Ranar da jikin ya yi tsanani ya kama hannuna ya ce yana da roƙo. Ya ce a ƙasarsu in mutum ya cika, ran kwana tara 'yan'uwa da maƙwabta sukan taru su ci kifi da burodi, su yi waƙa da tatsuniya, su ambaci alherin mamaci, su tuna wautarsa su yi dariya, sa'an nan a ɗaga gadonsa a jingine da bango, alamar an sallame shi. Ya ce tsofaffinsu suna cewa a ranar ne ran mutum yake haye teku ya koma ƙasar baƙar fata, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shi nasa ran ba zai sha wahalar tafiya ba, tun da ya riga ya iso. Ya ce ba shi da kowa a nan sai mu, in tara masa yaransa su kaɗa abin da ya koya musu, shi ke nan. Na yi masa alkawari hannuna cikin nasa. Da ya rasu, Baturen kamfani ya sa leburori suka binne shi a gefen bariki. Daga cikin gari ba wanda ya taka, har masu hawa kekunan da ya gyara.

Tun a hanyar komawa gida waswasina ya tashi. Alkawari ga mai mutuwa abu ne mai nauyi, amma kiɗa a kan mutuwa fa? Sai zuciyata ta raya mini cewa in na sa wa abin suna mai tsabta zai tsarkaka. Mu muna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, don haka da na je gaya wa samari sai na ce za mu yi wa Kawu sadakar tara. Ban gane abin da na yi ba. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na tafi wurin wani tsohon malami a unguwarmu na kwashe komai na gaya masa. Ya ce ɗana, wannan ba sadaka ba ce, kada ka ƙara kiran ta haka, ya ce ciyar da yara da ambaton alherin mai alheri kuwa shi bai san inda aka hana ba, in je mu yi wasanmu kamar yadda muka saba, in kama bakina. Da mai hankali ne ni da a nan na tsaya. Amma sai na ce a raina wataƙila tausayina ya ji ya sassauta mini. Na tafi wurin wani malamin na sake tambaya, daga nan na wuce wurin wani, kuma ko'ina na je da wannan kalma nake buɗe baki. Kafin a kwana biyu babu zauren da ba a san cewa yaran Baƙin Bature sun ƙago sabuwar sadaka ba.

Baffana, yayan mahaifina, shi ne ladanin unguwarmu, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya kira ni gaban mutane bayan sallar azahar, ya tambaye ni a wane littafi na karanta sadakar tara, ko kuwa a elemantare aka koya mana ita tare da a ba ca da. Ya ce ƙaninsa bai haifi limamin masu kiɗan gawa ba. Na buɗe baki in yi bayani, ya ce in rufa masa shi. A kasuwa kuwa wani dillali ne ya ɗauki abin a ka. Wannan mutum, lokacin da maciji ya sari ɗansa a gona, Kawu ne ya goya yaron a keke ya kai shi ɗakin magani, ni shaida ne, don ni na riƙe ƙafar yaron. Dillalin nan ne yake tsayawa a ƙofar shagonmu yana ɗaga murya wai ina malamin tara, wai mu yi ta shiri, tara muke so, tara kuwa za a ci mu a gaban alkali. Mahauta su kwashe da dariya. Wani ya ce ai Baƙin Bature da bakinsa ya faɗa shi jikan baiwa ne, yaushe aka fara yi wa bawa biki. Masu kawo ɗinki suka fara karɓe yadinsu. Maigidana tela ya ce in ɗan huta a gida har ƙura ta lafa, na kuwa san abin da yake nufi. Mahaifiyata tana kuka tana cewa in dubi girman Allah in bar zancen nan, mutumin ya riga ya tafi, ba zai san an yi ko ba a yi ba. Na ce mata ni zan sani.

A al'adarsu da dare ake yi, amma na ji tsoron a ce mun ɓuya cikin duhu muna tsafi, sai na mai da shi bayan la'asar, a fili, kowa na gani. Na sayi kifi a wurin masunta, burodi kuwa babu shi a garin, sai na roƙi wata tsohuwa ta toya mana waina. Samari da yawa sun noƙe, waɗanda suka zo yawancinsu ƙanana ne da suka sulale daga gida. Wani ya hau akwatin nan ya fara kaɗawa, na ba da waƙa, yara suka amsa. Ba mu kai ƙarshenta ba sai ga mutane sun ɓullo ta bayan rumfunan mahauta, dillalin nan a gaba, wasu da dorina wasu da sanduna. Kowane uba ya cafki ɗansa, wani a kunne wani a wuyan riga, ana tsula musu bulala suna ihu. Aka shure kwanon kifi, karnuka suka samu. Na hango baffana a cikinsu, na sha gabansa ina rantsuwa cewa wallahi wasa ne kawai, irin wanda muka shekara muna yi a gabansu. Ya dube ni ya ce in wasa ne, wa ya ce sadaka? Ya juya ga jama'a ya tambaye su ko akwai wanda ya sa mini kalmar a baki. Suka ce a'a, da bakinsa ya faɗa. Sai baffana ya mare ni, karo na farko tun da ya ɗauke ni.

Abin da ya biyo baya shi ne ban iya mantawa ba. Da sun ƙone rumfar da na ce kishin addini ne ya ɗebe su. Ba su ƙone ta ba. Akwatin kiɗa da sarewa kawai suka farfasa, kwanon rufi kuwa a hankali suka cire shi kada ya lanƙwashe, aka raba sifana da famfon keke da guduma, kowa ya soke a hammata. Bayan 'yan kwanaki na ga kwanon a kan shagon dillali. Ni kuwa a ranar, da kumburarren kunci, na kama hanyar bariki, ina cewa ko ba komai in jingine gadon nan da bango, in cika ko da guntun alkawari ne. Na tarar kamfani ya riga ya kawo sabon makaniki, yana kwance a kan gadon yana shan taba. Ya tambaye ni lafiya, na ce na yi ɓatan ƙofa ne.

Ban ƙara wata guda a garin ba, na tafi Zariya na ci gaba da ɗinki. Yaran rumfa sun girma, wasu direbobi ne yau wasu masu gyaran keke, in ka tambaye su wa ya koya musu sai su ce hannunsu ne ya faɗa. Na taɓa komawa neman kabarin, kamfani ya tashi, daji ya haɗiye wurin.

Abin da na koya, nake kuma so in gargaɗi masu hali irin nawa a kansa, shi ne kada tsoro ya sa ka sauya wa abu sunansa don ka ji sanyi a ranka. Wasa ne aka ba ni amana, na sa masa rigar da ba tasa ba, na miƙa wa masu neman dalili dalili. In kuma ka tambayi mai ilmi ya ba ka amsa, ka tsaya a nan, yawon tambaya ba tsoron Allah ba ne, ciwo ne. Ku kuma mutanen garuruwa, in baƙo ya zauna cikinku yana yi wa 'ya'yanku hidima ba ku biyansa, in ba za ku iya gode masa ba, to ku bar yaran su gode. Baffana ya rasu mun shirya, na san shi tsoron wuta yake ji mini. Amma waɗanda suka cire kwanon nan a hankali ban yafe musu ba, na gwada na kasa, kuma ina fargabar ranar da za a tambaye ni a kan wannan ma.