Hannun Sale a kular zoɓo

Shekara takwas ke nan da rasuwar taubashina Sale, mai injin tsaga katako a Randagi, amma har yau in na ɗauki kofin shayi mai zafi sai ya faɗo mini a rai.

Yana tsakiyar ƙarfinsa zarton injin ya datse masa hannun dama. Dattawa suka ce a haƙa rami a binne hannun, yadda aka saba. Yayarsa Ladi ta ce, "Baba, mai hannun fa yana numfashi, ku dakata da jana'izar." Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta ƙulle a leda, ta tura cikin kular ƙanƙarar da take sayar da zoɓo. Ni da nake direba, ni na ja motar da ta kai shi da hannun asibiti a Kaduna. Na yi Legas, na yi Agadas, ban taɓa taka mota irin ta ranar ba.

Likitoci suka haɗa ƙashi, suka ɗinke hanyoyin jini, sannan suka bi jijiyoyin da ke kai ji, da zaren da ya fi gashi siranta. Suka ce jin zai dawo a hankali, ya gangara har yatsu. Aka fi shekara hannun kamar na aro. Nakan tsokane shi, "Sale, ka tabbata naka suka maƙala maka? Wannan ya fi naka kyau." Ran nan a teburin mai shayi ya saki kofi ya daka tsalle: "Ya ƙone ni! Wallahi ya ƙone ni!" Ban taɓa ganin mai murnar ƙuna ba sai shi.

To, watan jiya wajen Damari zarto ya cire wa wani magidanci hannu. Jama'a suka yi da'ira, kowa da wayarsa, ana ɗaukar hoton hannun a cikin garin katako, ƙuda na binsa. Ga mai ƙanƙara nan a tsallaken hanya! Da suka ƙoshi da hoto, suka binne. A asibiti likita ya ce, "Ina hannun?" Sai suka miƙa masa waya. Tir.

Sale, da kana nan, na san tofar da yawu kawai za ka yi.

Allah Ya jiƙanka. Ƙofar ɗakina da ka yi mini da hannun nan naka da aka ɗinke tana nan, ko ƙara ba ta yi. Shi kuwa bawan Allahn nan na Damari, jiya na gan shi yana koyon ɗaure wando da hagu.