Itacen Jegon Inna Tsahara

Har yau ban manta da ranar da manjonmu ya miƙo mini jariri ya ce in shinshina kansa ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina sabuwar sajfam a Buza, wato ungozomar asibiti. Manjo kuwa shi ne babban ma'aikacin jinya, shi ke riƙe da wurin duka, ga shi da ƙarancin magana.

Na shinshina. Hayaƙi ne zalla, kamar an ciro yaron daga cikin murhu.

"Karo na biyu ke nan," in ji shi. "Mun yi mishi allura ya warware, sun koma gida, ga shi sun dawo. Ciwon ba a ƙirjinsa kaɗai yake ba, yana gidansu. In an sallame su ki bi su."

Yaron bai yi arba'in ba. Numfashinsa sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk ya ja iska. Ku da ke aikin yanzu kun san abin da wannan ke nufi. Mun samu ya farfaɗo, amma manjo ya gaya mini a gefe cewa in ya dawo na uku ba lallai mu iya riƙe shi ba.

A lokacin muna fita turne, wato zagayen ƙauyuka da motar aiki don awo da rigakafi. Direba ya sauke ni a ƙauyensu, can wajen Allakaye, tsakiyar ɗari. Ungozomar garin ta raka ni gidan. Mai jegon sunanta Habsu, haihuwar fari, ta zo wankan gida wurin uwarta, Inna Tsahara.

Abin da na fara gani tulin itace ne a tsakar gida, ya kusa kai katanga. Wanda bai san Adar ba ba zai gane ba. Ƙasa ce ta duwatsu, mace kan yini a daji ta dawo da ɗan ƙunshi. Ungozoma ta raɗa mini cewa tun da cikin Habsu ya fito tsohuwar ke hawa tudu tana ɗaukowa a ka, ba ta bari ko tsinke ya shiga girkin gida.

Da na ɗaga asabari na shiga ɗakin, wallahi sai da na dafa bango saboda hayaƙi. An toshe 'yar tagar da tsumma, an rataya bargo a bakin ƙofa, wuta na ci a tsakiya, ɗanyen itace na tsiyaya. Habsu na kwance idanu jawur. Ita kuwa Inna tana durƙushe tana fifita wutar, tana tari, tana fara'a.

"Shigo ɗiyata, maza saki asabarin, kar sanyi shi biyo ki."

Maganar da aka koya mini a makaranta tana bakina. Sai ungozoma ta ja zanena, muka fito kamar za mu wanke hannu. Ta ce mini, "Ki yi a hankali. 'Ya'yanta maza biyu sunka tahi suna jarirai, duka da ɗari. Ta ce sanyi ya ɗauke su. Ta rantse wanga ba za shi ji sanyi ba."

Ta yaya zan dubi Inna in ce mata wutar ce? In na faɗa, ko dai ta kore ni yaron ya zauna cikin hayaƙi, ko ta yarda in karya mata zuciya.

Na koma na tarar Inna tana yi wa jikan rawa a cinya, tana kiransa angonta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki maza. Nan Allah ya ba ni dabara. Na karɓe shi, na kara kunnena a bakinsa, na ɗaure fuska.

"Inna, angonki hwa ya kawo ƙara."

"Ƙarar wa?"

"Taki. Ya ce ya auri mata, ita kuwa ta mai da shi nama tana banda."

Habsu ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta. Inna ta riƙe haɓa. "Wanga angon? Ko goro bai taɓa sayo min ba, har ya san hanyar alƙali? To mi yake so?"

"Ya ce yana son ɗumin, hayaƙin ne ba ya so."

"Ke ɗiyata, an taɓa raba su?"

Na ce a gwada. Abin da na tuna shi ne yadda uwata a Madawa kan gasa dutse ta naɗe da tsumma ta sa wa mai ciwon baya. Duwatsu kuwa a nan ko'ina ka taka su ne. Muka kwashe wutar zuwa ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, muka jera duwatsu a gefenta. In sun yi zafi a naɗe su da tsohon zane a sa ƙarƙashin gado da gefen shimfiɗa, nesa da fatar yaro. Na zare tsumman tagar da hannuna. Na kuma ja kunnen Inna kar ta shigo da garwashi ta rufe ƙofa, don shi ma yana kisa ba tare da an ga hayaƙi ba.

Ba ta yarda nan take ba. Ta shafa tafin ƙafar yaron, ta shafa cikinsa, ta sake shafawa. Ta ce in ta ji ƙafar nan ta yi sanyi, ko gwamna ne ya hana sai ta mai da wutarta. Na ce na yarda. Na kwana biyu a gidan ungozoma kafin mota ta dawo, duk na leƙa sai in tarar da ita tana safa da marwa tsakanin rumfa da ɗaki, dutse a hannu, tana mita wai ango ya mai da ita baiwa.

Bayan arba'in ta zo Buza da kanta, yaron a bayanta, ya yi kumatu. Na ɗora shi a ma'auni, manjo ya leƙo ya shinshina kansa, ya wuce bai ce komai ba. Shi yabonsa ke nan. Inna ta ce itacen ma ya yi saura, ta ba wata maƙwabciya mai tsohon ciki, da sharaɗin wuta a waje.

Da mata suka watse sai ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Nawa biyun da sunka tahi, haka na yi musu wuta. Hayaƙin ne?"

Ashe ta riga ta kai wurin da na yi ta kewayewa, ita kaɗai, tana ɗaukar duwatsu.

Na ce, "Inna, ban gan su ba, ban sani ba. Allah ne ya sani. Abin da na gani da idona, wannan ke kika raya shi."

Ta goge ido da bakin zane, ta gyara goyonta, ta ce wa yaron, "Taho mu tahi, mai kai ƙara."

Na yi son matar nan har raina. Daga kanta na koyi cewa a aikinmu, sau da yawa abin da ke cutar da yaro hannun da ya fi ƙaunarsa ne ya kawo shi. Shi ya sa nake ce muku, kafin ku buɗe baki a kan hayaƙin ɗaki, ku fara duba tulin itacen da ke tsakar gida, ku tambayi wadda ta ɗauko shi.