Langar da Na Mayar Ban Buɗe Ba

Shekarar da matata ta rasu na shiga cikinsu, wasu Kiristoci masu taron addu'a nasu na daban. Na riga na ajiye aikin koyarwa a lakwal, ƴaƴana suna Yamai, gidana na Magariya kuma ya yi mini faɗi. Su goma sha huɗu ne, suna taruwa a zauren wani tela kowace Lahadi da Laraba. Abin da ya ja ni gare su shi ne tsari. Ƙarfe tara a wurinsu ƙarfe tara ce, kamar yadda aka hore mu a makarantar mishan. Bayan addu'a mukan ci tuwo a kwano guda. Da na kwanta ciwo, kwana tara ba su bar ni ni kaɗai ba.

Suna da ƙa'ida: ba a cin naman layya, ba a cin tuwon sadaka, ba a zaman makoki da waɗanda ba na cikinmu ba.

Ƙanena Musulmi ne, yana noma a ƙauyenmu na ƙasar Yekuwa. Tun muna samari akwai wata langa mai murfi da ke kai da kawowa tsakaninmu. Da babbar Sallah takan zo mini cike da soyayyen nama, ta zauna a gidana har Nowel, wato Kirsimeti, in cika ta da shinkafa da zabi in mayar. Yakan ce, "Yaya, zabinka ƙashi ne zalla, amma na yafe maka, ai albashin mushe ne, malamin lakwal."

A Sallar farko bayan shigata, mai kabu-kabu ya kawo langar ɗaure cikin tsumma. Na tambayi telan, wanda shi ne jagoranmu.

"Baba Mushe, kai da kake gyara mana karatu, kai za ka karya doka?" in ji shi.

Ban taɓa yin abu rabi-rabi ba. Da na zuba wa maƙwabta naman na riƙe langar, da babu wanda zai sani. Amma na ga wannan ha'inci ne. Na mayar da ita yadda ta zo, ko ƙullin tsumman ban kwance ba.

Ba ta sake zuwa ba. Nowel ta yi, ba ni da abin da zan cika. Shekara huɗu muna gaisawa ta bakin mutane.

Da aka aiko cewa ƙanena ya rasu, ban nemi iznin kowa ba. Na zauna kan tabarma kwana uku tare da masu karɓar gaisuwa. Aka kawo tuwon sadaka, na wanke hannu na ci. A cikin gida na hangi langar bisa ƙafar rumbu, an zuba wa kaji ruwa a ciki. Matarsa ta ga inda nake kallo.

"Yaya, shi ya ce a ba kaji, su ba sa mayarwa," ta ce.

Ranar Lahadi aka ce in tashi in furta laifina a gaban ƴan'uwa. Na tashi, na ce laifina ɗaya ne, kuma shekara huɗu ke nan da na yi shi. Na ɗauki Littafina da tabarona na fita. Babu wanda ya zage ni. Har yau in mun haɗu a kasuwa sukan sunkuyar da kai, domin ita ma ƙa'ida ce, kuma na san suna kiyaye ta da kyau, ni na koya musu kiyayewa.

Yanzu ina karatu ni kaɗai ranar Lahadi, ƙarfe tara daidai. Bara na sayi sabuwar langa, da Nowel na cika ta da shinkafa da zabi, na aika wa matar ƙanena. Babbar Sallah ta zo ta wuce. Langar ba ta dawo ba tukuna.