Tabarmin Inna a Kan Sola

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, yayana ya samu gurbin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, fannin lantarki. Da Turanci ake koyar da su, amma mutanen garin ba sa jin Turanci. Yakan ce a aji kawai yake da baki, in ya shiga kasuwa kurma ne.

Kafin ya tafi ya haɗa wa Baba injin ban ruwa mai aiki da sola a gonarmu ta albasa, can fadamar Argungu. Akwatin da ke sarrafa injin ma da hannunsa ya haɗa. Ni kuwa ina Gwadangaji wurin gwaggona ina koyon ɗinki.

Ana tsakiyar rani injin ya tsaya. Mai gyaran da aka kai ya leƙa akwatin ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba, bai sa hannu. Albasa ta fara kwantar da ganye. Yaya ya kira ni.

"Auta, ke za ki zama hannuna. Baba ba ya karanta rubutun da ke ciki. Waya ɗaya ce ta saki, ɗaurewa kawai za ki yi."

Ni da ko soket na sa caji sai na yi bisimilla, na hau mota zuwa Argungu ina jin kaina injiniya.

A wurinmu ba a shiga fadama da takalmi, laka ta cinye maka shi. A bakin gona na tuɓe nawa kamar kowa. Na kira Yaya ta bidiyo, ya ce in kashe makunnin, na kashe. Ya fara wata magana sai layi ya yanke. Na ce a raina ai an kashe wuta, me ya rage? Mu da muka saba in an ɗauke wuta shi ke nan an ɗauke, ban san sola ba ta san wannan ba. Muddin rana na dukanta, wuta na nan cikin waya.

Na kai hannu. Abin da na iya tunawa, wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har ƙirji, sai ga ni kwance cikin fangalin albasa, bakina da ɗanɗanon ƙarfe, Baba na kaina yana salati.

A asibiti aka ce na auna arziki, ƙuna ce kawai a yatsu biyu. Da Yaya ya ji, muryarsa ta canja. Ya ce zai nemi jirgi ya dawo. Lokacin kuwa jarrabawarsu ta gabato, kuma duk wanda bai zauna ba ya rasa gurbinsa.

Baba ya ce, "Shi dawo. Karatun da za shi kashe man ɗiya, mi za ni yi da shi?"

Kwanaki na yi ko fitila ba na taɓawa. Amma ina tuna yadda Yaya ya yi shekaru yana neman gurbin nan, ana hana shi yana sake nema. Na ga in ya dawo, duk ranar da ya kalle ni abin da ya rasa zai gani. Na kira shi.

"Yaya, kada ka taso. Faɗa min abin da layi ya yanke."

Ya ce, "Cewa na yi ku rufe solar gaba ɗaya, ki sa takalmi, ki taka busasshen katako. Amma ba za ki koma ba."

"Ko ka yarda ko ba ka yarda ba gobe ina gona. Gara kana kallo."

Baba ya ƙi, har sai da Inna ta ce masa, "Malam, wagga ɗiya kai ta biyo. In ka hana ta, ita kaɗai za ta tahi."

Da safe Baba ya riga ni, ya shimfiɗa buhunan albasa a kan solar. Na nuna wa Yaya ta bidiyo, duk da halin da ake ciki sai da ya yi dariya.

"Baba, buhun albasa ai raga ne, rana na leƙawa."

Aka koma gida aka kwaso tabarmin Inna da barguna, har da tabarmar baƙi da ba ta bari a taka. Ta biyo mu tana mita. Na zura takalmin robar Baba, ƙafata na yawo a ciki, na hau katako. Yaya ya sa na gwada da abin awon wuta har sai da ya gamsu.

Na ɗauki sukundireba, na kai shi bakin akwatin na tsaya.

"Auta, in ba za ki iya ba ki sauka, babu komai."

"Yi min shiru, Yaya. Hagu ko dama?"

"Dama."

Na ɗaure. Aka yaye tabarmi, na kunna. Injin ya yi ɗan tari, sai ruwa ya ɓalle cikin fangali. Baba ya tsuguna ya wanke fuska da shi. Yaya ya zauna jarrabawarsa, ya gama karatunsa.

Mutane suna cewa na yi jarumta, ni dai na san tsoron bai tafi ba. Har yau in waya ta yi tartsatsi sai ƙirjina ya buga, yatsun nan biyu su ɗauki zafi. Na dai gane ba sai tsoro ya sake ka za ka yi abin da ya zama dole ba. Yanzu in injin wani ya tsaya a fadamarmu ni ake kira, kuma ina zuwa. In kun ga wata tana ratsa laka da takalmi ana mata dariya, ni ce.