Ƙugiya ta Uku Daga Taga

Shekara talatin da takwas Cyril Entwistle ya yi yana dakon gangunan giya a garin Oldham, da farko a keken dawakai, daga baya a babbar mota. Mashaya arba'in da bakwai yake kai wa kaya duk mako. Ya san matattakalar kowane ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya san mai santsi, ya san wadda karen gida yake kwanciya a kai. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, ga taurin kai kamar ƙofar kurkuku. Ni na san shi ne a Baƙin Rago, mashayar mahaifiyata, inda na yi shekara ashirin da shida a bayan kanta ina zuba wa mutane abin sha ina sauraron ƙaryarsu.

A Baƙin Rago akwai wani gungumen katako da ya ratsa saman kanta, an jera masa ƙugiyoyi. Duk wanda ya daɗe yana zuwa yana da moɗarsa ta kuza mai ɗauke da sunansa, rataye a ƙugiyarsa. Ba ka shan komai a moɗar wani. Ba a kuma sauke moɗar mutum a ajiye ta a gefe sai ranar da ya mutu, kuma babban amininsa ne yake sauke ta. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma har mashayin da ba ya iya gane ƙofar gidansa ya san ta.

Ƙugiya ta uku daga taga ta Len Duckworth ce, ta huɗu ta Cyril. Tare suka yi makaranta, Len ne ma babban abokin ango a bikin Cyril. Kullum Asabar da rana suna nan a kusurwarsu suna zolayar juna.

"Kai jakin kamfani," in ji Len, "yau ma warin doki kake yi."

"Gara warin doki da ƙurar auduga a huhu. Sha ka yi mini shiru, tsohon banza."

A shekarar 1980 aka rufe masaƙar da Len yake aiki. Kunya ta kama shi, ya daina fitowa. Mako ɗaya, biyu, har tara. Ana cikin haka surukin Cyril, mijin 'yarsa, wani mai yawan bakin tsiya da ake kira Trevor, ya sayo sabuwar moɗa yana neman wurin ratayewa, ƙugiyoyi kuwa duk sun cika. Cyril ya miƙa hannu ya sauke ta Len, ya ɗora ta a kan kanta.

"Na ɗan lokaci ne, Glenda," ya ce da ni. "In ya dawo sai a mayar."

Ina tsaye ina kallo ban hana shi ba. Har gobe abin yana cina.

Asabar ɗin da ta biyo Len ya shigo, ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya ɗaga kai ya dubi gungumen. Ya ga moɗar Trevor a ƙugiyarsa.

"Ashe na mutu ban sani ba," ya ce a hankali. "Wa ya yi mini jana'izar?"

"Ni ne," in ji Cyril. "Haba Len, moɗa ce fa kawai."

Len ya mayar da hularsa ya fita. Bai ƙara taka ƙofar nan ba.

Ba a yi shekara biyu ba Trevor ya rabu da 'yar Cyril, ya kwashe moɗarsa ya yi gaba. Ƙugiyar ta zauna fayau, ba wanda ya yi gigin rataya komai a kanta. Mahaifiyata ta ajiye moɗar Len can saman kabad, bayan agogo. Na yi wa Cyril magana ya fi sau ɗari.

"Ka mayar da ita mana, ka je ka ba shi haƙuri. Titi biyu ne fa tsakaninku."

"Ya zo ya rataya da hannunsa."

Len ma da aka same shi cewa ya yi, wanda ya sauke ta shi zai mayar. Girman kai rawanin tsiya. Shekara talatin da ɗaya suka yi a haka, in sun haɗu a kasuwa kowa ya kama kallon farashin kabeji.

Su suna wannan, garin kuwa yana zaizayewa a ƙarƙashinsu. Masaƙu suka bi juna, mashayu suka bi masaƙu. Mashayar Tumaki Uku ta koma shagon darduma. Kan Barewa, inda ake gasar jifa da ƙananan kibau duk Talata, ta koma wurin ajiye motoci. An rushe Ƙararrawa, an gina gidajen haya masu ƙananan tagogi. Bayan Cyril ya yi ritaya sai ya tsiri bin tsohuwar hanyarsa a ƙafa duk safiya. Yakan tsaya a gaban wani shagon wayoyi ya nuna ƙasa da sandarsa, ya ce a nan murfin ɗakin ajiya yake, matattakala goma sha ɗaya, ta bakwai a karye. Masu wucewa suna ɗauka ya fara ruɗewa, alhali babu mai hankalinsa a titin. Daga mashaya arba'in da bakwai ya ƙirga har suka koma tara, kuma duk wadda aka rufe yakan je ya karɓi moɗayen da aka bari, ya bi gida gida yana kai wa iyalan masu su. Na sha ce masa, ka iya kai ta kowa, ban da guda ɗaya. Ko gezau.

A 2011 aka zo kan Baƙin Rago. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ni ma na bar aikin. Ranar Litinin katafila za ta shigo. A makon nan ne kuma 'yar Len ta tare ni a kantin magani ta gaya mini an kai babanta gidan tsofaffi, mantuwa ta ci ƙarfinsa, wani lokacin ita ma ba ya gane ta. Na je na faɗa wa Cyril ba tare da na sassauta ba, don raina a ɓace yake.

"Ka jira har ya zo, to ga shi ba zai zo ba. Wurin ma da zai zo ɗin ranar Litinin babu shi."

Ranar Asabar da safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, da sukudireba a aljihun kwat. Da muka isa Baƙin Rago, shugaban masu rusau ya ce ba a shiga, Cyril ya tsaya yana kallonsa kawai har mutumin ya gaji ya ba mu hular kwano. Ciki duhu, warin danshi, an kwashe kujeru. Moɗar tana nan a saman kabad, ƙura ta rufe sunan. Cyril, mai shekara saba'in da uku, ya hau kan kanta ina riƙe da ƙafarsa, ya kwance ƙugiya ta uku.

A gidan tsofaffin mun tarar da Len a kujera kusa da taga, ya rame, bargo a gwiwarsa. Cyril ya cire hula.

"Len, ni ne. Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Len ya dube shi irin duban da ake yi wa mai karanta mita. Amma da moɗar ta shiga hannunsa, babban yatsansa ya tafi kai tsaye inda ta lotse a gindi.

"Wa ya sauko da wannan?" ya tambaya. "Malam, taimaka ka mayar da ita. Kada Cyril ya shigo ya ga babu, ya zaci na mutu. Ba zai iya ɗauka ba, ka ga shi haka kamar dutse, zuciyarsa ba ta da ƙwari."

Cyril ya zaro sukudirebar daga aljihu. Ya juya ya fara ɗaura ƙugiyar a jikin katakon taga. Wata ma'aikaciya ta leƙo za ta yi magana, na ja ta waje na ce ta rubuta sunana in akwai laifi. Da na dawo moɗar tana lilo a wurinta.

"Yauwa," in ji Len. "In ya zo ka ce ina nan."

"Zan gaya masa."

Wata bakwai Cyril ya yi yana zuwa duk Asabar da rana. Len bai taɓa gane shi ba, sai dai ya zaunar da shi ya yi ta ba shi labarin wani abokinsa mai warin doki. Da Len ya cika, 'yarsa ta kwashe kayan ɗakin duka ta bar moɗar a rataye, ta hana kowa taɓawa, sannan ta aika a kira Cyril. Ni na raka shi. Ya daɗe tsaye a gaban tagar da hularsa a hannu, kafin ya miƙa hannu ya sauke ta.